Sai-Na-Gani da Akwatin Tsohon Direba

A layin masu gyaran waya da talabijin babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Sai-Na-Gani ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Idan mutum ya zo ya ce bidiyo yana tsaya masa a gida, ɗan zoben nan yana ta juyawa a tsakiyar talabijin kamar akuya a turke, sauran masu gyara amsarsu ba ta wuce biyu: ko netwok ne, ko akwatin kallon da ake jona wa talabijin ya tsufa a sayi sabo. Ita kuwa sai ta rataya jakarta ta ce, "Mu je, sai na gani." Za ta shiga falon mutane ta nemi wuri ta zauna, ta ce a kunna, kuma ko rimot ba za ta taɓa ba sai abin ya tsaya a kan idonta. Wani gidan minti biyar ya isa, wani gidan sai ta wuni.

Shekararta arba'in da biyu, gajera ce, tana sa tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da siririyar waya. A zaman da take yi a gidajen mutane ta ga abubuwa iri-iri. Ta ga gidan da aka kulle na'urar waifai cikin kabad na ƙarfe don kada yara su taɓa, sannan ake mamakin me ya hana sabis isa falo. Ta ga gidan da maigida yake zagin kamfanin intanet alhali wayoyi bakwai ne a ɗakunan 'ya'yansa suke ta sauke fina-finai. Ta ga akwatin da aka cika masa ciki da tarkacen manhajoji har ba ya iya numfashi. Duk waɗannan ba sabon akwati suke nema ba, kuma takan faɗa wa masu gidan haka ko da ba za su ji daɗi ba.

Yayanta ne ke riƙe da shagon da take aiki, kuma wannan hali nata ya daɗe yana ci masa rai.

"Mutum ya zo da niyyar sayen sabo, ke kuma ki bi shi gida ki ɗaga masa waifai sama ki dawo," yakan ce. "Mu kuma kwalayen nan mu jiƙa su mu sha?"

"In suna shayuwa ka sha, Yaya," takan amsa, ko ɗago kai ba ta yi.

Taurin kan nan yana da asali. Mahaifinsu mai gyaran rediyo ne, shi ya buɗe shagon, kuma ita ce ta zauna kusa da shi tun tana 'yar shekara tara tana miƙa masa sukundireba. Da ya tsufa sai ya fara cewa yana jin wani zuu a bangon shagon, ta bayan teburinsa. Yaya ya kasa kunne bai ji ba. Ita ma ta kasa kunne, na minti ɗaya, ba ta ji ba. Suka haɗa ido, suka yanke cewa kunnen tsufa ne, suka lallaɓa shi suka karɓi makullin shagon wai ya huta a gida. Bayan wata biyu wayar lantarki ta kama wuta a cikin bangon, daidai inda yake nunawa. An kashe wutar ba wanda ya ji ciwo, amma da suka mayar masa da makullin sai ya ƙi karɓa, kuma bai sake taka shagon ba har ya rasu. Baƙin tabon yana nan a bango. Sau uku Yaya yana sayo fenti, sau uku tana ɗauke gwangwanin ta ba maƙwabta.

Wata Laraba da hantsi wata mata ta shigo shagon, ma'aikaciyar jinya ce da kayan aikinta a jiki, da alamar ba ta da lokacin ɓatawa. Ta ce ba gyara ta zo nema ba, shaida ta zo nema.

"Babana tsohon direban bas ne, shi kaɗai yake zaune tun da Mama ta rasu. Akwai bidiyon da muka ɗauka ranar da ya ajiye aiki, na sa masa a intanet yana kallo ta akwatinsa. Kullum sai ya kira ni ya ce ya tsaya. Masu gyara uku na kai, duka sun ce lafiyar akwatin ƙalau. Ni da kaina na zauna da shi muka kalla daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya bai tsaya ba." Ta rage murya. "Kin san abin da ya ce min? Wai idan muna nan Mama tana magana, idan shi kaɗai ne sai ta ƙi. Ni a asibiti nake aiki, na san yadda abin nan yake farawa. Ranar Asabar mota za ta zo a kwashe kayansa ya koma gidana. Ya ce ba inda za shi sai ke kin duba, wai ya ji labarinki. Ki zo ki gaya masa gaskiya, ko ya haƙura."

Yaya ya yi caraf ya ce akwai sabon samfuri da ya iso jiya. Sai-Na-Gani ta kalli tabon bango, ta ɗauki jakarta.

"Zan gaya masa abin da na gani," ta ce. "Ban yi miki alkawarin shi ne abin da kike so ba."

Gidan a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo. Tsohon dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, hannayensa manya irin na wanda ya shekara talatin riƙe da sitiyari. Ya daɗe kafin ya buɗe ƙofa, har ta ji motsinsa a ciki yana gyara wani abu. A falon kujeru biyu ne kusa da juna, ɗaya ta lotsa ɗaya ba ta lotsa ba, ga talabijin, ga ɗan baƙin akwatin a kan teburi ƙarƙashinta. Bango fayau, ba hoto ko ɗaya, sai ƙusoshi.

"Ke ce mai cewa sai kin gani?" ya tambaya.

"Ni ce, Baba."

"To zauna ki gani. Amma na gaya miki tun yanzu, matar tawa ba za ta tsaya ba. Kunyar baƙi take ji."

Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ya kunna. Bidiyon minti arba'in ne, da waya aka ɗauka, hannu yana ta rawa. 'Ya'ya da jikoki cike da falon nan, tsohon yana tsakiya ana ta zolayarsa. Matarsa kuwa sai dai a ga wucewarta, ta shiga da tire, ta fita da kofuna, ta ture wayar daga fuskarta. Sai a minti na ashirin da uku ta zo ta zauna a kujerar kusa da shi, ta ɗauko saƙarta, ta dube shi ta ce, "Shekara talatin ina jin ƙarar motarka tun daga kwana in ɗora shayi. Yanzu ka zo ka zauna min a gida, ban san yadda zan yi da kai ba. Matsa, ka danne min zare." Aka kwashe da dariya. Bidiyon ya wuce sumul har ƙarshe.

"Kin gani," in ji tsohon. "Idan ni kaɗai ne, tana zama a kujerar nan, ta buɗe baki, sai zoben ya fito ya yi ta juyawa a kan fuskarta. Wata huɗu ke nan ban ji maganar nan ni kaɗai ba."

"Ba ka tsallakawa ka je wurin kai tsaye?"

Ya harare ta. "Ana shiga mota a tsakiyar hanya ne? Daga tasha ake farawa."

Sai yanzu ta tashi ta yi aikinta. Ta auna ƙarfin intanet, ya isa har ya yi yawa. Waifai yana falon, ba bango tsakaninsa da akwatin. Ba wata waya a gidan sai ƙaramar tasa mai madannai. Ta zare wayar da ta haɗa akwatin da talabijin ta duba bakinta, garau. Ta leƙa cikin akwatin ta rimot, ba tarkace. Ta koma shago hannu rabbana, Yaya yana ta murmushin mugunta.

Ranar Alhamis ta dawo da la'asar, lokacin da ya ce ya saba kallo, ko maƙwabta ne suke cika layin intanet a wannan sa'a. Suka sake kallo, bai tsaya ba. Tana saukowa ta ci karo da 'yar a bakin matakala.

"Sau biyu kin gani da idonki. Me ya rage?"

"Na ga bai tsaya ba. Ban ga abin da yake gani ba."

"Babu abin da yake gani, baiwar Allah. Shi ne ai maganar."

"Asabar kika ce. Yau Alhamis."

Sai-Na-Gani ta faɗa da ƙarfin hali, amma a hanya shakka ta kama ta. Ta san akwai tsofaffin da kansu yake juyewa da gaske, kuma ta san matar nan ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta. Abin da ya hana ta sakin maganar ƙaramin abu ne. Duk kayan falon akwai 'yar ƙura a kansu, irin ta gidan da namiji tsoho yake sharewa da kansa: saman talabijin, na'urar waifai, har rimot. Akwatin kuwa tas yake, kuma a kan teburin, kewaye da shi, akwai wani fili mai tsabta da ya fi shi faɗi da kamar yatsa biyu. Sannan a ramukan da iska ke fita ta ga wani ɗan siririn gashi kore. Wanda ke goge abu ba ya barin irin wannan shaida.

Ranar Juma'a da ta zo ba ta zauna ba.

"Baba, zan nemi alfarma, kuma rashin kunya ce. Zan fita yanzu. Kada ka kulle ƙofa. Ka yi duk abin da ka saba yi in kai kaɗai ne, duka, kada ka rage komai. In lokaci ya yi zan shigo ba sallama, ba ƙwanƙwasawa."

Fuskarsa ta canja. "A gidanku haka aka koya miki?"

"A'a. A gidanmu an koya min in saurari tsoho na minti ɗaya in yanke masa hukunci. Shi nake ƙoƙarin mantawa."

Ya nuna mata ƙofa ya ce ta je.

Ta zauna a kan matakala tana duba agogon wayarta, masu hawa da sauka suna ratsa ta suna kallonta, ko a jikinta. Da minti ashirin da biyu suka cika ta cire takalmi ta tura ƙofar a hankali. A talabijin matar ta zauna, ta ɗauko saƙa, ta buɗe baki, ga zoben nan ya fito yana juyawa. Tsohon yana zaune ya kafe shi da ido. A kan teburi kuma babu akwati, sai wata koriyar riga ta ulu, saƙar hannu, mai kauri ninki biyu, ta lulluɓe shi ruf har ƙasa.

Yana ganinta ya kai hannu zai fizge rigar. Ta ce, "Bar ta, Baba. Na riga na gani." Ta durƙusa ta zura yatsu ƙarƙashin ulun, ta janye da sauri. Akwatin ya yi zafi kamar dutsen guga.

"Ita ta saƙa wa rediyona," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba ta barin kaya tsirara a gidan nan. Ba zan zauna ina kallonta ga abu a buɗe a gabanta ba."

"Me ya sa kake cirewa in an zo?"

"Kin ga bangon nan? Bayan rasuwar, 'yata ta kwashe komai, hotuna, zannuwa, har kofin da take shan shayi. Wai kada in riƙa gani ina damuwa. Don alheri ta yi, na sani. Wannan kaɗai na ɓoye a aljihu. Da na ji taku a matakala sai in tura ta ƙarƙashin kujera."

Ta zauna a ƙasa ta yi masa bayani dalla-dalla. Akwatin nan yana ɗumama in yana aiki, ta ramukan gefensa yake fitar da zafin. In an rufe ramukan, zafin yakan taru a hankali, in ya kai wani matsayi sai akwatin ya rage wa kansa gudu don kada ya ƙone, hoto ya tsaya, zobe ya fito. Da rigar nan, daga kunnawa zuwa wannan matsayi minti ashirin ne da 'yan kai. Shi kuma kullum daga tasha yake farawa.

Tsohon ya yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. "Masu gyaran nan rankatakaf ɗinsu. Injin ya yi zafi, ba wanda ya taɓa bonet." Sai ya dafa kansa. "To kaina ƙalau yake ke nan."

"Ƙalau. Amma in zan nuna wa 'yarka, sai ta ga rigar. In ka ce kada in faɗa, ba zan faɗa ba. Zan ce na gyara kawai, ita kuma ba lallai ta yarda ba."

Ya cire rigar ya tura ta ƙarƙashin kujera. Ya ce ta dawo gobe da safe.

Asabar da ƙarfe tara ta tarar da 'yar ta riga ta iso da kwalaye da igiya, motar ɗaukar kaya za ta zo sha ɗaya. Tsohon yana zaune a kujerarsa cikin wankakkun kaya, bai ɗaure ko tsinke ba. Sai-Na-Gani ta tsaya a bakin ƙofa, don maganar ba tata ba ce.

"Zauna," ya ce wa 'yarsa.

"Baba, lokaci..."

"Shekara talatin ba wanda ya taɓa gaya min lokaci, ni nake gaya wa mutane. Zauna."

Ta zauna. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya zaro koriyar rigar, ya kakkaɓe ta, ya tashi ya lulluɓa wa akwatin a gaban idonta, yana gyara kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya. 'Yar ta dafe baki. Ta gane saƙar, ba sai an gaya mata ba.

"Wannan ba za ta shiga kwali ba," ya ce. "Ni ma haka."

Ya kunna. Minti ashirin da uku ba ƙaramin lokaci ba ne ga mutum uku da ba mai magana. Sau biyu wayar 'yar tana ƙara tana kashewa. Matar ta shiga da tire, ta fita da kofuna, ta zo ta zauna, ta buɗe baki. Zoben ya fito.

"Taɓa ki ji," in ji Sai-Na-Gani.

'Yar ta durƙusa ta sa hannu ƙarƙashin ulun, ta daɗe ba ta janye ba duk da zafin. Da ta juyo hawaye ne a fuskarta.

"Baba, me ya hana ka gaya min?"

"Na gaya miki. Sau nawa? Na ce in kuna nan tana magana, in ni kaɗai ne tana tsayawa. Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"To."

Gyaran kansa bai kai minti biyar ba, abin da zai ba Yaya haushi in ya ji. Sai-Na-Gani ta bari akwatin ya huce, ta ɗora shi a kan murafun kwalba huɗu don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, ta matsar da shi daga jikin talabijin. Sannan ta ninke rigar ta miƙa wa tsohon da hannu biyu.

"In ka gama kallo ka kashe, ya huce, ka lulluɓe shi, ba za ta same shi tsirara ba. Amma lokacin da yake aiki, ka nema mata wani wurin."

Ya dubi falon, ya shimfiɗa rigar a hannun kujerar da ba ta lotsa ba.

"Yanzu ku fita," ya ce. "Ku duka biyun. Kuma a ja min ƙofa."

Suka zauna a kan matakala, kafaɗa da kafaɗa, 'yar tana share ido da bayan hannu. Ta kira mai motar ta ce masa ya yi haƙuri, an fasa. Ta ce da yamma za ta dawo da hotunan, ƙusoshin ai suna nan. Sai-Na-Gani kuwa idonta yana kan agogo. Daɗi take ji, da kuma nadama, don ita nata tsohon minti ɗaya ta ba shi, kuma babu Asabar ɗin da za ta je ta gyara wannan.

Minti ashirin da biyu. Ashirin da uku. Ta cikin ƙofa muryar matar ta fito tar, ba tsayawa, har zuwa inda ta ce ya matsa ya danne mata zare. Suka ji ƙarar kujera.

"Na matsa," in ji tsohon.